A Iƙama An Rubuta Mai Gadi

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Baffa kuma ya riga mu tafiya. Ranar Talata da hantsi ya cika a ɗakinsa na saman bene a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, bayan la'asar muka kai shi. Ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah Ya jiƙansa.

Tun kafin mu dawo daga maƙabarta an jera kujeru a lungu, an kawo gahawa da dabino. Yaya, babban ɗan Gwaggo, shi ya tsaya a kan layi yana karɓar gaisuwa, don shi ne mai aikin ofis a cikinmu, shi ne mai farin tobi, doguwar rigar nan ta Larabawa, da biro a aljihu. Kafin mutane su fara zuwa ya tara mu a zaure ya ce, "Ku ji da kyau. Duk wanda ya tambaya, haris ne. Mai gadin sito. Haka aka rubuta a iƙamarsa, takardar izinin zama, halas. Ba na son in ji wata magana."

Aka kuwa bi. Wani ya ce Allah Ya jiƙan mutumin kirki, bai taɓa barin ƙofar sito a buɗe ba. Wani ya ce ai ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Malamin unguwa ya riƙe hannuna, ya sassauta murya kamar mai sayar da abin sata, ya ce, "Allah Ya yafe masa abin da ya yi a ƙuruciya." Na ce, "Me ya yi, Malam?" Ya saki hannuna ya wuce. Wani saurayi ya raɗa wa na kusa da shi, "Wai shi ne wanda ya haukace a Turai?" Wani tsoho mai tabo a goshi kuwa ya zauna a kujerar ƙarshe, ya sha gahawa uku, bai ce uffan ba, yana ta kallon saman bene.

Kwana biyu ina zaune ina jin ana yabon wani mutum da ban sani ba. Ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. In tashi in zagaya lungu, in dawo, in sake tashi.

Ni direba ne, a aji huɗu na bar makaranta, rubutuna ba na malamai ba ne. Kuma bari in faɗa tun yanzu: ban taɓa son kiɗan Baffa ba. Har gobe ba na sonsa. Ya jawo mini asarar da ban gama farfaɗowa daga ita ba. Amma mutum ya yi shekara hamsin yana dukan fata, sai a wayi gari a ce makulli ya riƙe? Wannan ba zan iya haɗiye shi ba. Baffa makaɗi ne. Kiɗan da ake kira jaz yake yi, kuma irin jaz ɗin da su kansu masu jaz da yawa ke gudu.

Mahaifina ya sha ba mu labarin farkon abin, kullum da haushi. Kakanninmu a ƙafa suka zo Hajji suka zauna, ba su bar wa 'ya'yansu komai ba sai kafaɗa. Mahaifina da Baffa ga-ruwa suke yi, garwa biyu a sanda, suna hawa benayen Balad, tsohon gari. Mahaifina ya yi zuwa goma, Baffa bai gama huɗu ba. In aka je nemansa sai a same shi a tsugune a matakalar wani gida, ya juye rabin garwa ɗaya a tulu, yana ƙwanƙwasa mai rabin da mai cika, ya kara kunne. Mahaifina ya ce masa, "Kai, ruwan mutane ne fa!" Baffa ya ce wa yayan nasa, "Saurara. Wannan tana tambaya, wannan tana ƙin amsawa." Mahaifina ya ce ranar ya san Inna, kakarmu, ta haifa musu wahala.

Da ya girma 'yan mizmar suka ɗauke shi, masu rawar sanda a bakin wuta a gidan biki. An ce a lokacin babu hannu kamar nasa daga Bab Makka har mina, tashar jiragen ruwa. Matsalarsa ɗaya, gundura. Rawar sanda tana son kiɗa ya tsaya daram, don mutum biyu ke juya sanduna a kan juna, kowa da kiɗan yake auna sa'ar da zai sunkuya. Baffa sai ya riƙe kiɗan daidai har kowa ya saki jiki, sannan ya zare bugu ɗaya daga inda ake jiransa ya ajiye shi wani wuri. A wani biki wani bai sunkuya a kan lokaci ba, sanda ta fasa masa goshi. Aka yi ca a kan Baffa. Ya ajiye gangar ya ce, "Ni ba jakin ƙafafunku ba ne." Maganar nan ta bi shi har kabari. In na ce masa ya yi abu kamar kowa, ita yake maimaita mini.

Bai ƙara wata biyu ba ya shiga jirgin ruwa. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, guntu-guntu, don ba ya ba da labari a jere, kamar dai kiɗansa. Ya zauna a Bur Sudan, ya wuce Khartum, inda ya fara zama a bayan irin gangunan nan na Turawa da mutum ɗaya ke kaɗa guda biyar, hannu biyu ƙafa biyu, ga faranta na tagulla a rataye. Ya yi wa masu rawa kiɗa a otal har abin ya sake gundurarsa. A Alƙahira ya haɗu da wasu baƙaƙen Amurka masu busa, waɗanda su ma sun gaji da kiɗan rawa. Ya ce ranar farko da suka zauna babu wanda ya ce ga waƙar da za a yi, kowa ya kama nasa, kuma ranar ce ya fara jin ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ya bi su Faris ta Faransa, ya bi su wani gari mai dusar ƙanƙara da ban riƙe sunansa ba. Na tambaye shi mutum nawa ke zuwa saurare. Ya ce, "Wata rana ɗari. Wata rana bakwai, huɗu su fita." Na ce to ina amfanin? Ya ce, "Ukun nan fa?"

Faifai ɗaya ya yi a duk rayuwarsa, ya aiko mana ta hannun wani ma'aikacin jirgi. Ina saurayi lokacin. Gwaggo ta tara maƙwabta, ta dafa shayi, ta ce a zo a ji autan Inna a garmaho. Aka ɗora. Abin da ya fito kamar an saki jakuna a shagon maƙeri, wani abu na kuka a sama kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Gwaggo ta ce, "Wayyo, garmahon ya lalace, kuma sai yau!" Ta ba mutane haƙuri, ta sa na ɗauki garmahon a ka har wurin mai gyara. Mutumin ya ɗora wani faifan, ya yi waƙa lafiya lau. Ya ɗora namu, ya saurara, ya ce, "Ya waladi, injinku ƙalau yake. Wanda ke ciki ne ba shi da lafiya." Gwaggo ta naɗe faifan a zane ta tura ƙarƙashin gado, ba a sake ɗora shi ba.

Rashin lafiyar Inna ce ta dawo da shi, bayan shekara goma sha huɗu, kuma bai same ta da rai ba. Ya sauko da akwatuna biyar, duk ganguna, da riga biyu. A nan aka haife shi, amma takardunsa sun tashi aiki, dole sai da kafili, wanda zai tsaya masa a hukumance. Yaya ya samo masa wani mai sito, aka rubuta masa haris. Na ga ranar da ya karɓi iƙamar. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "To. Aƙalla sun san ina sauraron dare." Bai sake fita ƙasar ba. Wasiƙun abokan kiɗansa sun yi ta zuwa shekara biyu, uku, sannan suka daina.

Zama wuri ɗaya bai iya ba. Yana cin abinci yatsunsa na kan kwano, yana magana ƙafarsa na aiki a ƙasa. In kuna tafiya sai ya tsaya cak a tsakiyar titi, wai injin wani jirgi a mina da gudumar wani kafinta sun haɗu, a jira su rabu. Ni yana kirana "direba," ba ya cewa ɗana. "Direba, kai kunnenka hon kawai ya sani."

Abu ɗaya ne ya yi a kan lokaci duk rayuwarsa, shi ne shanya ganguna. Ya cire fatun Turawa ya ɗaura na akuyar layya da ya jeme da hannunsa. Iskar Jidda kuwa ruwa ce, fata ta kwana sai ta saki kamar tsumma. Kullum in ya dawo daga sito da safe sai ya fito da su saman bene ya jera a rana, ya zauna yana ɗan taɓa su da yatsa, kafin kiran azahar ya shigar. Ya sha gaya mini, ina jinsa da rabin kunne, "Fata in ta saki, ko ka ja ta da makullin ɗaure ganga ko ka ba rana ta ja. Kada ka haɗa mata biyu. Ba ta ɗaukar iyayengiji biyu."

Yanzu rigimarmu. Ina tuƙa wani Bature injiniya da ke da gida a Abhur, can bakin teku, shi ne kuma kafilina. Aiki mai kyau, irin wanda ba a samu sau biyu. Bakina ne ya ja mini, na ce masa baffana ya yi kiɗa a Faris. Ya yi murna, ya ce ranar Juma'a da yamma yana da baƙi, in kawo shi. A hanya na roƙi Baffa, na ce, "Don Allah Baffa, yau ɗaya, ka yi musu wanda za su taka." Ya ce, "Tuƙa, direba."

Ya fara daidai, wallahi ya fara daidai. Turawa suka tashi suna juyi a bakin ruwa, maigidana yana ɗaga mini yatsa. Sai na ga Baffa ya rufe ido, na ce shi ke nan. Kiɗan ya watse. Ya yi gudu, ya tsaya, ya goga sanda a gefen faranti har haƙoran mutum su yi tsami, ya yi shiru har ka ɗauka ya gama, sannan ya sako komai gaba ɗaya. Masu rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Matar maigidan ta zo ta dafa farantin da hannu ta ce ya isa. Bai ko buɗe ido ba, ya juya kan teburin da ke gefensa ya ci gaba a kan kofuna da kwalabe, har tulun gilashinta da ta zo da shi daga ƙasarsu ya tarwatse.

Washegari aka karɓi makullin mota. Wata bakwai ina yawon neman wanda zai karɓi iƙamata, ga mata ga 'ya'ya. Na hau saman benen nan na zage shi, zagin da ba a yi wa ƙanin uba. Na ce, "Ka kashe wa kanka rayuwa, yanzu ka zo kan tawa. Me ka samu? Faifai ɗaya a ƙarƙashin gado!" Yana zaune yana shafa fata. Ya ce, "Tulun nan yana da murya mai kyau. Ka ji ta?" Haƙuri bai ba ni ba, har ya mutu. Shekara uku ban gaishe shi ba. In mun haɗu a masallaci sai in canza sahu.

Abin da ya karya ni, 'yata ce ta biyu. Zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ya kama ta tana shekara biyar. Ta tashi, amma jinta bai tashi ba. Yarinya mai surutu ta koma zama a lungun ɗaki, ba dariya, ba kuka, in an taɓa ta ta firgita. Mun yi asibiti, mun yi rubutu, mun gaji. Wata safiya sai ga Baffa a ƙofata, babbar gangar nan ta ƙafa a bayansa, ya ɗauko ta a ƙasa tun daga Bagdadiyya, gumi har gwiwa. Ya wuce ni. Ya ce wa matata, "'Yata, ina mara lafiyar?" Ya zaunar da yarinyar, ya jingina bayanta da jikin gangar, ya buga sau ɗaya a hankali. Ta zabura ta waiwaya. Ya sake. Ya jira, ya jira, har ta ɗauka ba zai sake ba, sannan ya buga biyu a jere. Yarinyar nan ta ƙyalƙyale da dariya. Wata biyar rabon da mu ji muryarta. Matata ta fita tsakar gida tana kuka.

Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Direba, duk zuriyar nan ita kaɗai ke ji."

Daga ranar duk Juma'a yana zuwa, shekara goma sha ɗaya. Ban ce na yafe maganar Abhur ba, shi ma bai tambaya ba. Shayi dai nake zuba masa.

To, ranar kwana biyu da rasuwarsa Yaya ya ja ni gefe. Ya ce gobe sadakar uku, manyan ofishinsu za su zo, wataƙila wani ya hau sama yin alwala. "Kana da a-kori-kura. Ka kwashe tarkacen nan da safe, ka wuce Abhur, ka zuba a teku. Aibi ne, ya akhi. Muna da 'ya'ya mata da za a nema." Na ce Gwaggo ta sani? Ya ce ita ta ce. Na shiga wurinta. Tana jan carbi, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka bar shi ya huta, ɗana. Duniya ta yi masa dariya ya isa." Na ce to.

Da safe na hau da niyyar kwashewa, Allah Ya sani. Na tarar da su a jere a inda ya bar su, kwana biyu ba su ga rana ba. Na ƙwanƙwasa ƙaramar da yake ajewa tsakanin gwiwoyinsa, ta yi "fuf" kamar an mari jiƙaƙƙen buhu. Abin ya ba ni haushi. Na ce ko teku za su, ba za su tafi a haka ba. Na ɗauki makullinsa na ja fatar ta ko'ina har ta yi tauri, na fito da su duka na jera a rana yadda yake yi, na ce in an jima in sauke su a mota. Sai aka kira ni ɗauko tukwanen shinkafa. Daga nan itace, daga nan tabarmi, daga nan ƙanƙara. Aka kira azahar ina ƙasa. Maganar iyayengiji biyu ko sau ɗaya ba ta faɗo mini ba.

Bayan salla lungu ya cika. Manyan ofis sun zo, an ba su kujerun gaba. Yaya ya miƙe ya gyara murya, ya ce marigayi mutum ne mai shiru, wanda bai dami kowa ba, ya rayu yana gadin amanar mutane, ya mutu yana...

Ƙarar da ta fito daga saman bene kamar an harba bindiga. Ta bugi bangon gidan da ke fuskantarmu ta dawo, farantan tagulla suka amsa suna rawa su kaɗai. Tantabaru suka tashi. Wani babban ofis ya zubar da gahawa a tobinsa. Malam ya ce a'uzu billahi. Ni na san ko mene ne.

Sai muryar Gwaggo daga bayan labule, ba ka iya cewa dariya take ko kuka.

"Ja'iri! Autan Inna! Ko yau bai bari an kai ƙarshen magana ba."

Tsohon nan mai tabo, wanda kwana uku bai yi magana ba, ya miƙe da sandarsa. Ya ture hularsa baya ya nuna goshi. Ya ce, "Kun ga wannan? Aikinsa ne. Ina jiran bugu a nan, ya kai shi can. Shekara arba'in ina neman wanda zai sake ruɗa ni haka, ban samu ba. Haris! Wane haris? Ku ji tsoron Allah. Mutumin nan makaɗi ne, kuma duk Jidda ba ta haifi kamarsa ba."

Daga nan bakin mutane ya buɗe. Wani ya ce shi ya ɗora masa akwati a jirgi. Wani Bahaushen Sudan ya ce yayansa ya gan shi a Khartum, mutane sun hau tebur don su ga hannunsa. Wata tsohuwa ta leƙo ta ba da labarin garmaho, lungu ya kwashe da dariya, har manyan ofis. Yaya ya zauna, biro a aljihu, yana kallon ƙasa. Shinkafa ta huce ba wanda ya kula.

Na hau sama. Fatar ƙaramar ta tsage daga baki zuwa baki. 'Yata na tsugune a wurin, ta riga ni hawa. Tana ɗakin ƙasa da mata, ta ji abin a bango ta bayanta. Ta ɗora tafin hannu a kan babbar gangar, ta kalle ni, ta girgiza kai.

Ban je Abhur ba. Na gaya wa Yaya in yana son teku ta ci su, ya zo gidana ya ɗauka da hannunsa. Bai zo ba. Gwaggo kuma ta aiko mini da wani abu a naɗe a tsohon zane, ba saƙo. Na ɗora shi sau ɗaya. Har yanzu jakuna ne a shagon maƙeri, ban ji abin da ukun nan suka ji ba, kuma ba zan yi ƙarya don ya mutu ba.

Gangunan suna ɗakina. Da safe kafin in fita aiki ina fito da huɗu rana, 'yata ta shigar da su kafin azahar. Ta biyar tana nan a tsage, ban iya jima ba, ban iya ɗauri ba, mai iyawar ya tafi. Shekara da shekaru yana gaya mini abu ɗaya, ban saurara ba sai da na fasa.

Allah Ka gafarta wa Baffa, Ka yalwata masa kabarinsa, don bai taɓa iya zama a ƙunci ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha, kuma in an tambaye shi wane ne, kada ya ce mai gadi.